Daga Kwalba Zuwa Butar Shayi: Inda Mai Son Barin Giya Zai Sami Abokan Tafiya a Gure

Da an idar da sallar isha'i a Gure, sai tabarmi da bencina su fara fitowa ƙofar gidaje. Wannan ya kawo gawayi, wancan ya hura ɗan murhun waya, a ɗora 'yar butar shayi. Mai dafawa ya ɗaga hannu sama yana tsiyayo shayin cikin ƙaramin kofin gilashi, ya mayar cikin buta, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta yi tozo. Zagayen farko da ɗaci, na biyu dama-dama, na uku zaƙi ne zalla. Kafin a kai ga na ukun an taɓa hirar ƙwallo, an koka da tsadar gero, an tambayi labarin wanda ya tafi Libiya har yau bai aiko ba. Fada ke nan, majalisar samari da magidanta wadda babu garin Nijar da ba a san ta ba.

A wasu fadodin akwai mutum guda da kan sulale tsakanin kofin farko da na biyu. Zai ce bari ya je ya dawo. In ya dawo bakinsa cike da goro ko alawar minti, muryarsa ta ɗan ɗaga, dariyarsa ta yi yawa. Kowa ya gane, ba mai cewa uffan. A gari irin Gure, inda kusan kowa Musulmi ne, kuma da ka ambaci sunan mutum za a faɗa maka sunan kakansa, kaya biyu mai shan giya yake ɗauke da su: ga kwalbar, ga wahalar ɓoye ta. Sau tari na biyun ne ke hana shi neman taimako.

A wasu sassan duniya akwai zaman da aka keɓe don irin wannan mutum, inda waɗanda giya ta taɓa kayarwa ke haɗuwa su riƙe juna. Yadda zaman yake, da dalilin da ya sa yake aiki, da hanyar da mutumin Gure zai bi ya same shi ko ya kafa shi, duk suna da alaƙa da wannan tabarmar shayi fiye da yadda ake zato.

Ciwon da ba a zuwa gaisuwarsa

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, Nijar na cikin ƙasashen da aka fi ƙarancin shan barasa a duniya. Sai dai lissafin da aka raba a kan miliyoyin mutanen da ba su taɓa kai ta baki ba, ba ya nuna halin da 'yan tsirarun masu sha ke ciki. Akwai giyar kwalba, akwai burkutun dawa, akwai kuma barasa mai ƙarfi irin ta 'yar leda, wadda ke shiga aljihu ba a gani, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Arahar irin wannan leda da sauƙin kai ta hannun yara ne suka sa hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sanar a farkon 2024 cewa ta fara aiwatar da haramcin barasar leda da ta ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. Gure kuwa na kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Difa, iyakar Najeriya ta wajen jihar Yobe na kudu da ita, kuma abin da ake sayarwa a ƙetaren iyaka ba ya wuyar tsallakowa. Wasu matasan kan haɗa barasar da ƙwayar tramol, haɗin da ke iya tsayar da numfashi.

Ƙyamar da al'umma ke yi wa giya ba ɓoyayyiya ba ce. A ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin zanga-zangar fushi kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona mashayu da majami'u a Damagaram, washegari aka yi irin haka a Yamai. Wanda jikinsa ya riga ya saba, rufe mashaya ba ya raba shi da kwalba. Lungu yake komawa, ya sha da sauri, ya sha shi kaɗai.

A rahotonta na watan Yunin 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa ce sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, miliyan biyu daga cikinsu maza. Ta ce kimanin mutum miliyan 400 ke fama da matsalar sha, miliyan 209 kuma jikinsu ya riga ya dogara da ita. Wannan dogaron shi ne abin da mutane ba su cika fahimta ba. Barasa na danne aikin ƙwaƙwalwa. In an daɗe ana sha kullum, ƙwaƙwalwar kan ƙara ƙaimi don ta rama dannewar, har ta kai sai da barasa take samun daidaito. Shi ya sa za ka ga magidanci ya rantse da dare ya daina, da asuba hannunsa na karkarwa har ba ya iya riƙe buta.

Wani likita a Amurka, John Ewing, ya tsara tambayoyi huɗu da mutum zai iya yi wa kansa. Ya taɓa jin ya kamata ya rage sha? Ransa kan ɓaci in an yi masa maganar shansa? Yakan ji nadama bayan ya sha? Ya taɓa karya kumallo da ita don jikinsa ya saki? Wanda ya amsa da i a guda biyu, lokacin ganin likita ya yi.

Mutum biyu a garin Akron

A watan Mayun 1935 wani dillalin hannun jari daga birnin New York, Bill Wilson, ya je garin Akron na jihar Ohio kan wata harkar kasuwanci, harkar ta rushe. Wata biyar ke nan rabonsa da giya bayan shekaru tana wasa da rayuwarsa. Ya tsinci kansa a zauren otal ɗin Mayflower, a ɗaya gefen ga mashaya ana ta shewa, a ɗaya gefen ga allon sunayen limaman coci da wayar tarho. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne in bai sami wani mashayi ɗan'uwansa ya yi magana da shi ba, to zai sha. Ya dinga buga waya har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa.

Likitan ya ce minti goma sha biyar kawai zai iya bayarwa. Sai da suka yi wajen awa shida. Ya sha jin wa'azi, ya sha jin faɗan matarsa, ilimin cutar kuwa ya fi baƙon nasa saninsa. Abin da bai taɓa samu ba shi ne mutumin da zai zauna ya ba da labarin kansa, ya kuma ji kamar nasa ake bayarwa. Bai warke nan take ba. Ya je taron likitoci ya dawo a buge. Kwalbarsa ta ƙarshe abokin nasa ne ya miƙa masa don hannunsa ya daina rawa kafin ya shiga tiyata, kuma ranar 10 ga Yunin 1935 ita ce ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, ke ɗauka ranar kafuwarta.

Littafinsu ya fito a 1939. Tafiyar ta isa Afirka ta Kudu a 1946, ta kama ƙasa a Faransa a 1960 bayan rubuce-rubucen ɗan jarida Joseph Kessel a jaridar France-Soir, inda masu jin Faransanci suka san ta da Alcooliques Anonymes. Yau ana ƙiyasta membobinta sun kai miliyan biyu a ƙasashe kusan 180. Ba ita kaɗai ba ce a fagen. Croix-Bleue ta girme ta, don a 1877 aka kafa ta a Janiba, kuma tana da rassa a ƙasashen Afirka da dama. Narcotics Anonymous ta masu shan ƙwaya ta biyo baya a 1953, sai SMART Recovery a 1994, wadda ta dogara da dabarun ilimin halayyar ɗan Adam ba tare da shigo da addini ba.

Abin da ake yi a cikin ɗakin

Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka kotu ce ko ɗakin wa'azi. In ya shiga, kujeru zai tarar an kewaya, da abin sha mai zafi a gefe. Zaman awa guda ne ko ya ɗan ɗara. Mai jagorantar zaman na yau shi ma mashayi ne da ya daina, mako mai zuwa wani ne zai zauna a wurinsa. Kowa sunansa na yanka kawai yake faɗa, ba a tambayar ɗan wane ne ko ina yake aiki. Mutum ya yi magana a kan kansa: yadda ya fara, abin da ta ja masa, yadda makon ya kasance. Ba a katse shi, ba a yi masa gyara, ba a ce da ka yi kaza. In ya gama a gode masa, na gaba ya ɗauka. Baƙo in ya ga dama ya yi shiru har a tashi.

Ba a cike takarda, ba kuɗin shiga. Sharaɗin zama memba guda ne, son daina sha. Ana zagayawa da ɗan kwando kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa don kuɗin ɗaki da shayi, kuma ƙungiyar ba ta karɓar gudummawar kowa daga waje, gwamnati ce ko attajiri. Akwai zaman da ake buɗe wa iyali da masu son sani, akwai wanda sai masu matsalar kaɗai. Abin da aka ji a ciki, a ciki ake barinsa.

Abu biyu sabon zuwa kan tafi da su gida. Na farko, ba a ce masa ya yi alkawarin har abada. Alkawarin yau kaɗai ake nema, gobe in Allah ya kai rai a sake ɗaura niyya. Na biyu lambar waya ce ta wani da ya daɗe da dainawa, wanda zai zame masa jagora. In sha'awa ta taso da tsakar dare, kafin ƙafa ta kama hanyar lungu, shi ake kira. Sha'awar sha kan taso ta yi tsanani sannan ta lafa, kuma sau da yawa hirar minti ashirin ta isa a ƙetare ta.

Matakai goma sha biyun da AA ta shahara da su, in an taƙaita, ba baƙi ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya yi wa kansa hisabi, ya lissafa waɗanda ya cuta ya je ya gyara, sannan ya taimaki wani. Malamai na koyar da cewa tuba na da sharuɗɗa: nadama, da dainawa, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga masu shi. Wannan kusancin ne ya sa Musulmin birnin Baltimore na Amurka suka kafa Millati Islami a 1989, suka gina matakan a kan Alƙur'ani da Sunna. A Iran, inda Narcotics Anonymous ta shiga a shekarun 1990, tarukanta sun yawaita har ƙasar ta zama ta biyu a duniya bayan Amurka.

Tarihin Musulunci ma na da abin da zai ƙarfafa wa masu wannan aiki gwiwa. Haramcin giya a hankali ya sauka, daga ayar Suratul Baƙara da ta auna cutarta da amfaninta, zuwa ta Suratun Nisa'i da ta hana kusantar salla cikin maye, zuwa ta Suratul Ma'ida da ta yanke hukunci. A Sahihul Bukhari kuma akwai labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana hukunta shi kan shan giya. Da wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa.

Ga masu neman hujjar kimiyya, a 2020 cibiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken likitanci tana tacewa, ta fitar da nazarin bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. An gano cewa cikin waɗanda ma'aikatan lafiya suka haɗa da tarukan AA bisa tsari, kashi 42 cikin 100 ba su koma sha ba bayan shekara guda, alhali a sauran hanyoyin jiyya da aka gwada kashi 35 ne. Alƙaluman sun nuna zaman na aiki, sun kuma nuna fiye da rabi kan yi tuntuɓe a shekarar farko.

Kafin tabarma, likita

Akwai kuskuren da kan kashe mutum, kuma kyakkyawar niyya ce ke jawo shi. Wanda ya shekara yana sha kullum, in ya yanke rana ɗaya, jikinsa zai yi bore. Cikin awa shida zuwa ashirin da huɗu karkarwa za ta fara, da gumi, da tashin zuciya, da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu kan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan ruɗe, jiki ya yi zafi, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango, suna jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. A gidaje da yawa nan take za a ce iska ce ta taɓa shi, a kulle shi a ɗaki ana turare. Wannan ruɗewar ciwo ce da likitoci suka sani, tana da magani, kuma in an bar ta tana iya zama ajali. Addu'a ba ta hana a kai shi asibiti a daren.

Don haka matakin farko na mai yawan sha shi ne cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa ko asibitin gundumar Gure. Can za a auna shi, a ba shi maganin da ke kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki bisa ƙa'ida, da sinadarin bitamin B1 da ke kare ƙwaƙwalwa. Sayen irin wannan magani a tiren masu talla musanya wata jaraba ce da wata. Yana da kyau a duba hanta, domin ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Afirka ta Yamma, barasa kuwa na gaggauta lalacewarta. In lamarin ya yi nauyi ana turawa babban asibitin ƙasa na Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 170, inda akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Abin da ke da wuya shi ne buɗe baki. Ba sai an yi bayani a layi gaban jama'a ba. Mutum na iya jira har ya shiga, ya ce wa ma'aikacin lafiyar: "Majo, maganata tsakanina da kai ce." Sannan ya faɗi gaskiyar abin da yake sha, da yawansa, da lokacin da ya sha na ƙarshe, da ko yana haɗawa da ƙwaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma riƙe sirrin maras lafiya wajibi ne a kan ma'aikacin lafiya. In kunya ta yi yawa, ƙane na iya sauƙaƙa wa wansa da cewa: "Yaya, gobe da safe zan zo da babur in raka ka likita, ba wanda zai ji."

Iyalai da suka gaji kan yi tunanin gidan mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, a watan da ya biyo baya aka gano irinsa a Daura. Akasari iyaye ne suka kai su da kansu, da fatan a shiryar musu da 'ya'ya. Sarƙa na hana mutum sha ne muddin tana ƙafarsa.

Neman abokan tafiya

A Faris ko Johannesburg, mai neman taro jadawali zai duba, ya ga unguwa da rana da sa'a. A ƙaramin gari hanyar ta bakin mutane take bi, kuma ba kowane baki ba. Ma'aikacin lafiyar da ya yi wa mutum jiyya shi ne ya fi kowa sanin wanda ya taɓa kwanciya a wannan gadon ya tashi. Ba zai faɗi suna ba, amma ana iya roƙonsa ya tambayi wancan ko zai yarda a haɗa su. Limamin da aka san shi da riƙe amana, ko fasto ga mabiya addinin Kirista, na iya yin irin wannan haɗin. Wanda aka tura Damagaram kada ya baro sashen bai tambaya ba ko akwai zaman tsofaffin majiyyata ko wata ƙungiya da suke aiki da ita. Mai jin Faransanci ko Larabci ko Ingilishi da ke da babbar waya na iya shiga tarukan da ake yi ta intanet, waɗanda suka yawaita tun lokacin annobar korona a 2020, ba sai ya nuna fuskarsa ba.

In duk an bi ba a samu ba, ƙa'idar AA kanta ta ce mashaya biyu ko uku da suka haɗu don su daina sha sun isa su kira kansu ƙungiya. Ba a neman izinin kowa. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar irin wannan tsari ba ce. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi, mata suna haɗuwa mako-mako suna zubi a akwati mai makulli, tsarin da daga baya ya bazu a Afirka. Wajen 2008 Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara makarantun mazaje a nan jihar Damagaram, inda magidanta da ba su wuce goma sha biyu ba ke zama su tattauna lafiyar matansu, kowa daidai da kowa. Ita kanta fada, wadda ta bunƙasa a shekarun 1990 lokacin da aikin yi ya yi wa matasa ƙaranci, har wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi a kanta a 2019, tana da asusu, tana da dokoki, tana kai gudummawar suna da biki.

Fada dai wuƙa ce mai baki biyu. Fim ɗin da Aisha Macky ta fitar a 2021 kan unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya nuna yadda rukunin samari ke zame wa yaro uwa da uba, ko ya kai shi ga alheri ko ya kai shi kurkuku. Mutanen ƙasar Muniyo, wato yankin Gure, da ke haƙo kanwa a kwaruruwansu, ba sa bukatar a fassara musu karin maganar zama da maɗaukin kanwa. Yawancin masu sha a cikin abokai suka koya. Mai son dainawa in ya bar tsohuwar majalisa bai sami sabuwa ba, kaɗaici ne zai mayar da shi.

Zaman da zai ɗore a gari irin Gure sai an yi masa dabara. A sa shi a daidai lokacin da aka saba sha, bayan magariba ko bayan isha'i, rana guda tsayayya a mako, ko mutum biyu ne suka zo a zauna. Wurin ya zama inda shigarsa ba za ta ja ido ba: wani ɗaki a cibiyar lafiya bayan an tashi aiki, zauren dattijon da aka amince da shi, ko inuwar dabino a lambun ɗaya daga cikinsu. Ba allo, ba hoto, wayoyi a aljihu. Kowa ya yi magana da harshen da zuciyarsa ta fi sakewa, Hausa ko Barbarci ko Fillanci ko Tubanci. A bar siyasa a waje, a bar gardamar Izala da ɗariƙa a waje, kada a ci bashin juna. Dala ashirin-ashirin ta isa ganyen shayi da sukari da gawayi. Mata, waɗanda kunyar abin ta fi yi musu nauyi ninki-ba-ninki, zamansu daban ya fi, da mace ma'aikaciyar lafiya a kusa.

Sai a lura da ranakun haɗari. Ranar kasuwa in an sayar da dabba kuɗi ya shigo aljihu, ƙarshen wata ga ma'aikaci, daren biki, da kwanakin bayan ƙaramar salla ga wanda ya daure wata guda saboda azumi. Irin waɗannan ranaku tun kafin su zo ake maganarsu a zama, a san wa zai kwana da waya a kunne.

Mutanen gida

Giya ba ta cin mutum ɗaya. Matar da ke ɓoye kuɗin cefane a cikin kwalla, da yaron da ke gane irin daren da za a yi daga yadda aka turo ƙofa, su ma suna bukatar inda za su sauke nasu kayan. Matar Bill Wilson, Lois, ta ga haka, shi ya sa ta haɗu da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon a 1951 don iyalan mashaya. Abin da ake koya a can shi ne ba su suka jawo ciwon ba, kuma ba su da ikon warkar da shi, amma suna iya daina biya masa bashin mashaya da yi masa ƙarya a wurin aiki. In akwai duka a gidan, tsira da lafiyar uwa da yara ne kan gaba, a sanar da magabata ko hukuma.

A birnin Zagreb, likita Vladimir Hudolin ya ɗauki wata hanyar tun 1964. A kulob ɗinsa iyalai ne ke zuwa gaba ɗaya, miji da mata da 'ya'ya, ba su wuce gida goma sha biyu ba, sau ɗaya a mako. Tsarin ya shiga Italiya a 1979 ya yaɗu ƙwarai. A ƙasar Hausa da Barebari, inda ba a yanke shawarar aure ko rabon gado sai da kawu da baffa, irin wannan zama na dangi zai iya fin na ɓoye suna karɓuwa a wasu gidajen.

In an yi tuntuɓe

Wanda ya yi wata uku ya koma, yakan ji kunyar abokan zama fiye da ta kowa, sai ya ɓace. A tarukan da suka daɗe, in kujerar mutum ta yi mako biyu ba kowa, wani zai bi sawunsa. In ya dawo ba a yi masa gori. Ana tambayarsa abin da ya faru kafin kofin farko: faɗa ne da mai ɗakinsa, bashi ne, ko tsohon aboki ne ya sauka daga Agadas. Daga nan a sake ƙirga daga rana ta ɗaya. In ya koma sha mai yawa, sai ya sake bi ta wurin likita kafin ya yanke.

Su ma mutanen Akron ba su tsaya su biyu ba. Kwanaki kaɗan bayan kwalbar ƙarshe ta likita Bob, suka buga waya asibitin garin suna tambaya ko akwai mashayin da aka kwantar. Aka ce akwai wani lauya, karo na takwas ke nan cikin wata shida ana kawo shi. Suka je bakin gadonsa suka zauna, suka gaya masa don kansu suka zo, domin yin magana da shi ne zai hana su sha. Lauyan ya fita daga asibitin a farkon watan Yulin 1935, bai sake kai giya bakinsa ba har ya rasu a 1954.